Ƙodar Hajara Ta Fara Gajiya

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Hajara, amma ƙodarta ɗaya tana nan da rai a cikina, a nan ƙasan cibiyata ta dama inda likitoci suka dasa ta.

Hajara taubashiyata ce, babanta yayan innata ne. Tun muna yara a Gyadi-Gyadi ba ta taɓa kiran sunana ba, "bawana" take ce mini, ni kuma in ce mata mummuna. Da ƙodojina suka daina aiki, na koma kwanciya a jikin injin wankin ƙoda, aka gwada 'yan ɗakinmu duka, babu wanda jininsa ya dace. Sai ga ta da mayafi a kafaɗa, ta miƙa hannu ta ce a ɗiba. Da sakamako ya fito, dariya ta yi ta ce, "Shi ke nan, yanzu kam na saye ka da gaske."

Daga ranar ban sake sakewa ba. In ta gan ni da tsire sai ta fizge, ta ce, "Gishirin nan a kan kayana zai sauka." Kullum sai ta bugo waya daga gidanta na Daurawa: "Bawana, ka sha ruwa? Ka sha maganinka? Aro na ba ka fa."

Kowa ni yake wa kallon mai tafiya, sai ga shi ita ta riga ni. Tana shanya ta ce kanta ya sara, ta zauna, ba ta ƙara magana ba. Jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwarta. Kwanakin baya likitana yake ba ni labarin yadda bincike ya ci gaba, wai ana zura siririyar waya ta jijiyar cinya har cikin kai a toshe wurin ba tare da an buɗe ƙoƙon kai ba. Ya ce a waje har ƙodar alade ake gwada dasa wa mutane. Da Hajara ta ji wannan, da sai ta riƙe ciki don dariya, ta ce ai ta dace da ni.

Ni dai dariyar ba ta zo mini ba, don ba hira ce ta kai ni wurinsa ba. Ƙafafuna sun fara kumbura, takalmin Juma'a ya daina shiga. Gwajin jini ya nuna ƙodar ta fara gajiya. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Ina tsoron injin nan da ƙararsa, da ƙishirwar da ba a barin mutum ya kashe. Abin da ya fi tsorata ni kuwa shi ne ranar da za a ce ta tsaya, don ji nake kamar a ranar za a sake yi mini gaisuwar Hajara.

Makon jiya babban ɗanta Mubarak ya same ni a ƙofar gida a Tarauni. Matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba, an mayar wa jaririyar sunan Hajara. Ya durƙusa ya ce, "Kawu, na je an gwada ni. Jininmu ɗaya."

Na ce, "Wa ya aike ka?"

Ya ce, "Da Umma na nan, ai ka san ba za ta tsaya shawara da kai ba."

Gaskiyarsa ne. Amma ni na ga tabon da aka bar wa uwarsa, kuma duk da likitoci sun ce kyautar da ta yi ba ita ta kashe ta ba, har yau zuciyata ba ta gama yarda ba. Yaya zan kai ɗanta ɗakin tiyata, mai jego tana jira a waje?

Ban ba shi amsa ba har yanzu. Allah Ya jiƙan Hajara, Ya sa Aljanna ce makomarta. Ta bar mini ƙoda, ta kuma bar ɗa mai irin taurin kanta. Jiya da safe ya bugo waya, ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Kawu, ka sha ruwa?"