Dutsen da Inna Ta So Ta Niƙa

A littattafan soyayyar da na tashi da su, zoben zinare ake kai wa budurwa. Ni dutse aka kawo mini. Mijina yana aiki a wani sito a Kakuri, kusa da tsofaffin masaƙu, inda ake tsince duwatsun ma'adinai da motoci ke kawowa daga wajen Filato. Muna zance ya ɗora mini shi a tafin hannu. Ƙarami ne amma nauyi gare shi, yana walƙiya kamar azurfa.

"Wannan na dalma ne," in ji shi. "In ya fashe, gida-gida yake fita kamar sukarin kwali. Na tutiya kuwa ruwan ƙasa ne, in kin kankare shi sai ki ji warin ruɓaɓɓen ƙwai. Rami ɗaya ake samunsu, ba sa rabuwa."

Ba sa rabuwa ɗin nan kawai na riƙe. Na ajiye shi cikin kabet tare da tangarayena.

Da na haifi 'yar fari, Inna, mahaifiyata, ta zo zaman jego. Kwana uku kafin suna ta hango dutsen.

"Ke, kwalli ne fa wannan, mai kyau ma. Kin zauna da shi kina kallo kamar talabijin?"

Ta fitar da dutsen niƙa tsakar gida, ni kuma ina ta hango 'yata da idanu rambaɗau a hoton suna. Sai ga maƙwabciyarmu ta shigo barka. 'Yar ƙabilar Ibo ce mai shagon batirin mota, Madam muke ce mata. Ta durƙusa ta riƙe hannun Inna.

"Mama, don Allah kar ki sa wa yarinya. Garinmu ake haƙa irinsa. Ruwan ramin ko akuya ba ma bari ta sha. Abin da ke cikin batir ɗina, dalma, shi ne a ciki. Yana shiga jini, ya taɓa ƙwaƙwalwar yaro."

"Yara bakwai na yi wa kwalli," in ji Inna. "Ga ɗaya nan zaune."

"Shi ya sa ta karɓi dutse a maimakon zobe," in ji Madam.

Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, amma ba ta saki dutsen ba. Ni ce na ƙarasa, ni da ban taɓa yi mata musu ba.

"Inna, a bar idon nata haka."

Ta daɗe tana kallon jaririyar. Can ta miƙo mini dutsen, ta je ta wanke hannu da sabulu.

"Idon ubanta ta ɗauko. Ba ya neman taimako."

Yanzu yarinyar tana aji biyu, ita ke karanta wa Inna rubutun jikin motoci. Dutsen yana cikin kwalba a rufe, can saman kabet inda hannun yarinyar bai kai ba.