Mai Karanta Sunayen Ƙofa

Ga shi can tsaye a ƙofar gidanmu a unguwar Wedding, cikin rigar leburori wadda ba ta taɓa ganin maiƙo ba. Kwana uku ke nan ina ganinsa. Ba mutane yake kallo ba, tagogi yake bi da ido har hawa na biyar. Sai ya sunkuya yana karanta sunayen 'yan haya da ke jikin ƙararrawar ƙofa.

"Unguwarku akwai rai," yake ce wa Nermin mai shagon jarida. "Duk Berlin babu kamarta."

"Da ranta ka same ta," in ji ta, ko kai ba ta ɗago ba.

Wataƙila nan aka haifi kakarsa, kewa ta kawo shi. Ina so in yarda da haka.

Amma ga wata kwalbar lemo a gindin kwandon shara. Kowa a nan ya san ba ƙazanta ba ce. Saboda tsoho Eckhard muke ajiyewa, ya mayar shago a ba shi kuɗin kwalba, ba sai ya cusa hannu cikin shara ba. Baƙon ya ɗauke ta da yatsu biyu, ya jefa ciki, yana murmushi kamar ya yi mana alheri.

Shekarata talatin da ɗaya a hawa na uku, a kan tsohuwar haya mai araha, irin wadda masu sayen gidaje ke son su kori mai ita. Sunana har ya koɗe a jikin ƙararrawar. Yanzu a kansa ya ɗora yatsa.