Ranar da Gulbi Ya Ci Garar Rabi

Wata Asabar ce cikin watan Agusta na shekarar 1998, da hantsi, ina zaune a tsakiyar jirgin fiton Babanmu na ƙanƙame katako da hannu biyu, ina kallon gulbin Bungudu ya cika ya batse, ruwan ya yi jajir kamar an dama jar ƙasa. Kusa da ni Rabi ce, matar Kawu Sani ƙanin Innarmu, rungume da ɗanta na fari. Ranar ta dawo daga wankan jego a gidan iyayenta a Tsafe, tare da matan da suka rako ta da garar da aka haɗo mata: buhunan gero da shinkafa, garwar manja, tulun man shanu, kwandunan alkaki da nakiya. Ni Inna ta aiko in taryo su. Shekarata tara, kuma tun kafin a kwance igiya na fara karanto addu'a.

Ƙauyenmu yana ƙetaren gulbi, kuma sana'ar gidanmu fito ce duk damina. Abin kunya, ni 'yar mai fito ni ce na fi kowa tsoron ruwa a garin. Kullum da safe in na share tsakar gida, na ba tumaki dusa, na ɗauraye kwanukan tuwon jiya, sai mu ɗunguma bakin gaɓa da littattafanmu cikin leda, Baba ya ƙetarar da mu makaranta da gorarsa da filafilinsa. Sauran yara su riƙa tsoma ƙafa suna watsa wa juna ruwa, ni kuwa idona a rufe, ina karanto duk addu'ar da na iya har da ta cin abinci. A filin makaranta babu mai kayar da ni a carafke, a gona babu mai riga ni cika kwarya da tafasa, amma da an ce gulbi sai in ja da baya. Baba ba ya yi mini dariya. Yakan dai ce, "Tsoron ruwa ba laihi ba ne, Asabe. Wanda ba ya tsoro nai shi nika jin tsoron ɗauka."

Kawu Sani kuwa bai san tsoro ba. A hannun Baba ya tashi, a nan ya koyi fito, har wani rani ya tafi cirani Yawuri ya ga jirgin wasu manya mai inji yana keta ruwa, farfelarsa rabi a ciki rabi a waje, tana feso ruwa sama ta baya. Ya dawo ba shi da wani zance sai wannan. Ya ciro injin ban ruwan fadamarmu, ya ɗora shi a mota zuwa Gusau, wani mai walda ya haɗa masa da doguwar sandar ƙarfe wadda za a saka farfela a ƙarshenta. Farfela biyu aka ƙera masa, ɗaya mai faɗi kamar marfin tukunya, ɗaya siririya mai kunnuwa kamar ganyen rama. Mu yara muka bar wasan 'yar tsana muka tare a zaure, muna kallon yadda yake shafa musu mai kamar jarirai.

Ranar gwaji duk ƙauyen ya fito. Da aka saka mai faɗin, jirgi ya tafi a natse, injin yana gurnani ƙasa-ƙasa, bai fi mai tuƙi da hannu sauri da yawa ba. Da aka saka siririyar, Kawu ya ɗan ɗaga sandar yadda ya gani a Yawuri, sai ga jirgi ya ɗaga hanci ya zabura, ruwa na tashi a bayansa, samari na bin gaɓa da gudu suna ihu. Baba ya gyara hularsa ya ce, "Sani, jirgi ba kaya ka gwada. Bari a loda mishi mu gani." Kawu ya yi dariya ya ce tsufa ne ke magana. Da safiyar ranar da Rabi za ta dawo ma na ji su a zaure, Baba na cewa a mayar da mai faɗin tunda an kwana ana ruwa, Kawu na roƙon a bar shi surukansa su ga abin da ya iya. Daga ƙarshe Baba ya ɗauki gorarsa ya bi shi, don ranar ta Kawu ce.

Da farko mun tafi lafiya. Gwaggo Hajo, yayar mahaifin Rabi, wadda tun daga bakin gaɓa take ba mu labarin irin wahalar da aka sha kafin a haɗa garar nan, har ta fara yaba wa surukin nata. Muna shiga tsakiya, inda ruwan ke da ƙarfi, sai muryar injin ta canza. Duk lokacin da igiyar ruwa ta ɗaga bayan jirgin, farfelar ta fito fili ta yi ta juyi a iska, injin ya ƙwala ƙara kamar akuyar da aka danne, in ta koma ciki kuma kumfa kawai take tayarwa. Na dubi tsamiyar da ke mashigin ƙauyenmu, wadda kullum nake auna isowarmu da ita, na ga tana komawa baya. Gangara muke yi, kuma can ƙasa akwai duwatsun da ko da rani ba a barin yara su je. Baba ya zura gorarsa har hannunsa ya jiƙe, ba ta taɓa ƙasa ba. Ban taɓa ganin gorar nan ta rasa ƙasa ba sai ranar, kuma a nan na fara kuka.

"Nutsad da ita, Sani, bar son gudu," in ji Baba, bai ko ɗaga murya ba. Kawu ya nutsar da sandar, fuskarsa ta yi sharkaf da gumi. Farfelar ta kama ruwa, gangarar ta ragu, amma ba mu ci gaba ba. Siririyar aba ce, ba ta da faɗin da za ta tura wannan uban kaya. Ruwa ya fara leƙowa ta gefe yana jiƙa mana zannuwa. Rabi ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure jaririn tamau a ƙirjinta, kuma wannan ɗaurin ya fi komai tsorata ni, don na gane abin da take shirya wa.

Gwaggo Hajo ce ta fara motsawa. Ta dubi jaririn, ta dubi buhunan, ta ce, "Don wanga yaro anka haɗo kayan ga, ba don gulbi ya cinye shi da su ba." Ta sa kafaɗa ta ture buhun shinkafa. Sauran matan suka kama, gero ya bi, garwar manja ta bi, tulun man shanu ya yi ta lilo a kan ruwa kafin ya nutse. Jirgi ya ɗago kaɗan. Baba ya ajiye gora ya ɗauki filafili, shi yana ja ta gaba, injin yana turawa ta baya, muka yi ta rarrafe a karkace har hancin jirgin ya soke cikin gonar dawar wani, nesa da mashigi, ƙarar ruwan duwatsun nan a kunnenmu. Jaririn bai farka ba sai da aka kashe injin. Kawu ya zauna cikin taɓo ya rufe fuskarsa, Baba ya ciro farfela mai faɗin daga aljihun rigarsa ya ajiye masa a cinya. Ashe tun daga gida ya ɗauko ta, a tsakiyar ruwa ne babu halin sauyawa.

Kwandon alkaki ɗaya ya tsira, don a kansa nake zaune, shi aka rarraba wa maƙwabta a matsayin gara. Yanzu ba a fito a mashigin nan, mutane sun koma zagayawa ta titi a kan babur. Baba ya rasu, Kawu ya yi furfura, jaririn ya zama magidanci, kuma har yau in ya cika ci Rabi takan ce garar da ya rasa yake ramawa. Siririyar farfelar tana rataye a rumbunmu, ta yi tsatsa. Ni kuwa har gobe in mota ta hau gada da mu nakan rufe ido, sai dai yanzu babu mai gora a gaba da zai ce mini ba laifi ba ne.