Ranar da Kwamfuta Ta Nemo Ɗan Inna

"Ɗan nan, wai akwatin nan ya san inda yarona yake?"

Wata dattijuwa ce ta tambaye ni a ofishinmu na ilimi a Dutse, zamanin babu wayar hannu. An yi wa ɗanta, malamin firamare, canjin makaranta, ba ta san ina ba. Mahaifinsa kuwa yana kwance rai a hannun Allah, sai kiransa yake.

Na ce, "Inna, faɗa mini sunansa."

Ba mu daɗe da shigar da sunayen malamai a kwamfuta ba. Ina bugawa, ƙauyen ya fito. Direbanmu ya je ya ɗauko shi.

Ya tarar da mahaifinsa da rai. Shi ya laƙanta masa kalmar shahada.

Har yau nakan ce, da mun tsallake sunansa fa? Ku sa tsohon a addu'a.