Yayen Ranar Sallah

A gidan da anka kawo ni aure, can Bodinga, ba a yaye yaro sai ranar ƙaramar Sallah. Inna, uwar mijina, ta ce haka ta taras: ranar da manya sunka koma cin tuwon rana, shi ma yaro ya san hatsi. Kuma ba a gida ake yayen ba. Wurin goggonsa ake kai shi, don kada ya dinga ganin nono yana kuka, in ya manta a maido shi.

Ɗiyata ta fari ce, saboda haka ban taɓa kiran sunanta ba. In ta faɗi tsakar gida sai in kau da kai har wata ta ɗaga ta. Nono ma sai na shige ɗaki na saki asabari. Amma ba wanda ya hana ni kallo. Na san yadda take murza kunne in barci ya zo, na san kukan yunwa daban da na rigima.

Shekarar da za a yaye ta, ubanta ba ya gida. Tun tsakiyar azumi anka kwashe maza aikin hanyar Nasara wajen Sakkwato, har shi. Da yana nan, da na faɗa mishi a ɗaki, shi ya faɗa a waje.

Ran jajibere gida ya cika. Ana dakan shinkafa, ana kitso, kowa ƙafa a ɗaure da lalle. Yayar mijina ta iso daga Shagari tare da maigidanta da ya kawo albasa kasuwa. Ita ce goggon, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Ta zo da ɗan zanen saƙi da munduwa na yarinya, mata suna ta yabawa.

Ni kuwa abin da nake gani daban. Yarinyar ta ƙi wasa. Idonta ya yi ja, hanci na zuba, bakinta a nonona kamar garwashi. Da safiyar Sallah na ɗaga kunnenta, na ga ƙuraje ƙanana kamar tsabar gero. Ƙyanda ta riga ta shiga gidan maƙwabtanmu.

Maza sunka tafi idi. Inna ta kawo rubutun malam ta ba yarinyar, ta miƙo mini garin maɗaci in shafa a nono. Na durƙusa gabanta.

Na ce, "Inna, a bar ta har jikinta ya yi sanyi. Ba ta da lafiya."

Dariya ta tashi a tsakar gida. Wata ta ce yau sun ga uwar ɗan fari mai baki. Wata ta ce ko dai su kira mini sunan ɗiyar in amsa. Goggon ta taɓa goshin yarinyar da bayan hannu, ta ce haƙori ne.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ke, mu da munka haifi ubanta ba mu san zazzaɓi ba? Rufa mana asiri gaban baƙi."

Na shafa maɗacin. Da anka sauko idi, anka ci tuwo, goggon ta goye ta da sabon zanen, ta hau jaki cikin rana tsaka. Yarinyar ta miƙo hannu ta ƙarƙashin goyon. Mata suna kallona su ga ko zan duba. Anka ba ni akushi in kai tuwon Sallah gidan liman, na ɗauka na bi ta ƙofar baya, rigata jiƙe da nono.

Ƙyandar ta fito mata a Shagari. Labari a bakin masu albasa nake tsintarsa, ta bayan danga, don ba ni da ikon tambaya. Ta rayu, amma idonta na hagu ya yi fari, ba ta gani da shi.

Da mijina ya dawo, ya tafi ɗauko ta, ya komo shi kaɗai. Yayarsa ta yi mishi kuka, ta ce ita ta yi jinya, ita ta raba ta da mutuwa, yanzu za a ƙwace mata. Inna ta ce gaskiya ne, mu yara ne, za mu sami wasu. Mun samu. Kowanne ya yi atishawa ba ni iya cin abinci ranar.

Duk ƙaramar Sallah ana kawo ta gaisuwa, da kitsonta da kwallinta har a farin idon. Tana karkata kai ta dube ni da na dama. Ubanta kawu take ce mishi. Bara ta durƙusa gabana ta ce, "Matar kawu, barka da Sallah."

Na kau da kai. Mata sunka ce yanzu kam na yi hankali.