Tsawon Madam

A shagon kafinta Elikem da ke unguwar Vittin, wani dogon mutum mai farar jallabiya yana zaɓen kabad ɗin kicin kamar mai sayen ragon layya. Yana ƙwanƙwasa katako, yana shinshinawa, yana buɗe ƙofa yana rufewa. Fari mai sheƙi yake so, marar mariƙi, irin wanda ya gani a waya. Elikem ya dubi hannayen mutumin, sumul, babu ko tabon ƙuna, ya san wannan tsakaninsa da kicin sai dai jin ƙamshi.

"Alhaji, Madam tsawonta ya kai ina? Don in san inda zan kafa na sama."

Alhaji ya ɗaga hannu daidai kafaɗarsa, ya sauke zuwa ƙirji, ya sake ɗagawa kaɗan. Shekara ashirin ke nan, in ji shi, tana tuƙa masa tuwo. Hannun ya tsaya a iska.

"Masta, auna da ni kawai. Ai gidana ne."

Elikem ya auna shi tsaf. Sannan ya ware guntun katako gefe guda, na ɗan bencin da Madam za ta riƙa takawa.