Zane na Uku

A layinsu kowa Kwana Uku yake ce masa, har yaran da aka haifa jiya. Sunan ya bi shi ne tun yana da shago a bakin titi, lokacin da gyaran rediyo sana'a ce da mutum zai faɗa yana ɗaga kai. Ka kawo masa akwatinka da safe, ko da waya ɗaya ce ta tsinke, zai liƙe ta a gaban idonka cikin minti biyar, sannan ya ɗora akwatin a kan kanta ya ce, "Ka dawo bayan kwana uku." Ka yi magiya, ka yi fushi, ka ce yau ake wasan ƙwallo, duk ɗaya. Ya ce akwai cutar da ba ta nuna kanta sai ƙarfe ya ɗau zafi ya huce, ya sake ɗauka ya sake hucewa. Taurin kai kam yana da shi, ko mai ƙaunarsa ba zai musa ba. Amma shekara talatin da ɗoriya ba a taɓa dawo masa da aiki ba, kuma duk duniya da wannan kaɗai yake taƙama.

Da wayar hannu ta shigo, sai ciniki ya yi ta janyewa har ya ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Ya rufe shagon, ya kwaso tsofaffin rediyoyin da masu su suka watsar, ya jibge su a ɗakin da yara suka tashi suka bari. Shekara biyu yana zaune a ƙofar gida yana kallon masu wucewa, kuma zaman bai karɓe shi ba ko kaɗan.

Autarsa ce ta fitar da shi. Tana aure a can ɗaya ƙarshen gari, tana aiki a kantin magani, ranar Asabar kaɗai take samun leƙo su. Ita ta gano cewa a kasuwar intanet akwai masu neman irin waɗannan tsofaffin akwatuna na katako ido rufe, wani don irinsa mahaifinsa ya riƙe, wani don ado kawai. Ta buɗe masa shafi, ta ɗauki hotuna, tana cike gurabe yana ba ta amsa, har suka iso wani gurbi.

"Baba, sun ce kwana nawa kake ɗauka daga shigowar oda zuwa ka miƙa kaya ga masu kaiwa. Su za su haɗa da kwanakin hanya, su nuna wa mai saye ranar da kayansa za su iso. Bari in sa ɗaya."

"Sa uku."

"Haba Baba! Masu kwana ɗaya ake turowa sama. Mai uku sai an tono shi can ƙasa."

"To a tono ni. Sa uku."

Inna, matarsa, tana bakin ƙofar kicin tana dariya. Ta ce, "Ke ma dai da ɓata bakinki. Mutumin da ko gishiri na ce ya sayo sai ya yi kwana uku yana nazari?"

Auta ta sa uku tana ƙunƙuni. Ya kuma sa ta rubuta a saman shafin cewa kowane rediyo sai ya yi kwana uku yana magana ana saurarensa kafin ya bar gidan nan. Abin mamaki, wannan layin ne ya jawo masa mutane. Oda ba ta da yawa, biyu ko uku a wata, amma duk wanda ya saya sai ya dawo ya ba shi taurari biyar cif.

Akwai abin da Auta ba ta sani ba, ba kuma wanda ya sani sai shi da Inna. Kunnen Kwana Uku ya daɗe da yin nauyi. Tun kafin ya rufe shago ya fara rasa ƙananan sautuka, daga baya manyan ma suka bi. Ya koyi kallon leɓen mai magana, ya koyi cewa "To" da gyaɗa kai a inda ya dace, mutane suka ɗauka tsufa ne ya ƙara masa miskilanci. Hannunsa da idonsa na nan garau. Amma mai gyaran rediyo ya fito ya ce ba ya ji? Ya gwammace ƙasa ta tsage ya shige.

Saboda haka Inna ce kunnen. Idan oda ta shigo, sai ya ɗora rediyon a kan kantar da ke tsakanin falo da kicin, ya kunna tun da safe. Ita kuwa tana shara, tana wanki, tana tsintar shinkafa, kunnenta na can. Wani lokaci sai ta tsaya cak da tsintsiya a hannu, ta zo gabansa yadda zai ga bakinta, ta ce, "Malam, yana wani tsaki idan mace ce ke magana," ko "Yana shaƙewa kamar mai mura." Ba ta san sunan ko ƙarfe ɗaya a cikin akwatin ba, amma daga bayaninta yake gane inda cutar take. Idan rana ta faɗi ba ta ji komai ba, sai ta kashe, ta juya bayan akwatin ta ja zane ɗaya da alli. Bahaguwa ce, don haka zanenta kullum a karkace yake. Zane uku, sai kwali da salatif. In kuwa aka sake buɗe akwatin aka taɓa wani abu, to a goge duka a faro daga farko. Shekara huɗu suna haka, ba ta taɓa yi masa gori ba, ko a cikin faɗa.

Ranar wata Litinin oda ta shigo ta wani rediyo mai ruwan ƙasa, mai ƙyallen zare a gaban lasifika. Mai sayen ya haɗo da saƙo. Ya ce wa mahaifiyarsa zai saya, idonta ya tafi, ba ta da abokin hira sai rediyo, kuma irin wannan ne mahaifinsa ya bar mata, daga baya ya lalace. Shafin ya nuna masa kayan za su iso ranar Asabar.

Litinin Inna ta ja zane ɗaya. Talata da yamma ta ja na biyu, ta koma kicin. Tana tsaye a bakin famfo, ta ba shi baya, ta yi wata magana. Ya ga kafaɗarta na motsi, ya san da shi take, amma yana tsakiyar liƙa waya, ya ji ƙyuyar tashi. Ya ce, "To."

Laraba da safe a bakin famfon nan ya same ta a ƙasa, kofi a hannunta. Kwana biyu ta yi a asibiti ba ta buɗe baki ba, ranar Juma'a Allah ya karɓi abarsa.

Ita kasuwar intanet ina ruwanta da rasuwa? Kwana ukun da aka rubuta sun cika, ta fara aiko da gargaɗi. Ranar isowar kaya ta wuce, ta sake aikowa. Ba wanda ya bi ta kan waya sai bayan kwana tara, da gida ya yi shiru, 'yan'uwa suka watse. Auta ta duba ta ga saƙonni jere: an yi wa shafin alamar jinkiri, kuma in ba a miƙa kayan zuwa jibi ba za a soke odar. Mai sayen ma ya rubuto sau biyu, cikin ladabi, yana cewa tsohuwa kullum sai ta tambaya.

Ta ce, "Baba, a naɗe shi yau a kai. Ai ya yi kwana biyu."

"Saura ɗaya."

Washegari ta koma aikinta, shi kuma ya kunna rediyon tun da safe, ya jawo kujera ya zauna a gabansa. Abin da ke isowa kunnensa bai wuce kamar ana hira a gidan maƙwabta ba. Ya ɗora tafin hannu a kan katakon yana jin yadda yake rawa. Ya kara kunnen dama, ya kara na hagu. Sau biyu yana juyawa wajen ƙofar kicin zai yi tambaya. Bai ci komai ba ranar, bai kuma yi kuka ba, kukan ya ƙi fita. Da rana ta faɗi ya kashe, ya ɗauki allinta, ya ja zane na uku, miƙaƙƙe sambal kusa da nata biyu. Ya san bai ji komai ba. Ya san kuma rashin jin nasa ba shaida ba ce. Amma ya ce wa kansa kwana biyu a kunnenta sun fi kwana goma a kunnen wani, ya naɗe kwalin.

Bayan mako biyu, ranar Asabar, Auta na gidan, mai kai kaya ya tsaya da babur a ƙofa ya sauke kwalin nan dai. Akwai takarda a ciki. Mutumin bai yi zagi ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce jinkirin bai dame shi ba, amma rediyon in ya yi kamar awa ɗaya sai ya kama wani ƙugi da ke danne magana, har tsohuwa ta ce a kashe, kanta yake sarawa. Ya ce ya saya ne saboda layin da ya karanta a saman shafin.

Kwana Uku ya karanta, ya ninke takardar. Ya ce, "Wutar gidansu ce ba ta da kyau. Kunna shi mu ji."

Ta kunna. Ya koma kan teburinsa ya ba kantar baya, yana ta jera sukurori a gwangwani kamar abin bai dame shi ba. Da farko muryar mai labarai ta fito tas. Can sai ƙugin ya taso, ƙasa-ƙasa, ya yi ta ƙaruwa har kofunan da ke kan kantar suka fara amsawa. Auta ta toshe kunne ɗaya, tana jiran ya zabura. Bai ko motsa ba. Ta miƙa hannu ta kashe rediyon, ɗakin ya yi tsit.

Bai juyo ba ya ce, "Kin ji ko? Garau yake. Mutane dai ba a iya musu."

Ta tsaya tana kallon ƙeyarsa. Ta ce, "Baba." Shiru. Ta ɗaga murya, "Baba!" Sukurori kawai ke faɗawa gwangwani. Sai abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya: yadda Inna ke tasowa ta tsaya a gabansa kafin ta yi magana, yadda kullum ita ke amsa sallama, yadda in an kira wayarsa sai ya miƙa mata ya ce hannunsa da dalma. Ta zagayo ta durƙusa a gaban teburin, hawaye na zuba. Ya kalli fuskarta, ya waiga ya ga fitilar rediyon a mace, ya gane.

Ya ce, "Shekara bakwai ke nan. Ita ce take ji mini." Ya share fuska da hannun riga. "Ranar Talatar nan ta faɗa mini wata magana, ta ba ni baya. Na ce mata to. Wataƙila cewa ta yi kar in saki rediyon nan. Wataƙila cewa ta yi kanta na ciwo. Wallahi Auta ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba."

A nan kukan ya samu hanya, ita ma ta taya shi, ba mai lallashin wani.

Da suka natsu, ta kwatanta masa ƙugin yadda ta iya, tana kallonsa ido cikin ido. Ya buɗe bayan akwatin, bai yi minti goma ba ya ciro wani ɗan ƙarfe da ya kumbura, ya sa sabo. Ta ɗauko waya ta ce, "Baba, mu goge layin nan na sama kawai, mu sa kwana ɗaya kamar kowa. Ka gwada da mitar auna wuta ka aika. Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Yaushe kike zuwa gidan nan?"

"Asabar."

"Asabar uku kwana nawa ke nan?"

"Ashirin da ɗaya. Baba, ba mai jiran mako uku saboda rediyo. Shafin zai nutse, ko neman ka aka yi ba za a gan ka ba."

"Sa ashirin da ɗaya. Ki rubuta wa mutumin nan ki ba shi haƙuri, ki gaya masa gaskiya, ki ce in tsohuwa za ta iya jira, nata ne farko."

Ta sa. Wayar ta fito da jan rubutu tana tambaya ko ta tabbata, ta danna e.

Tunda an buɗe akwatin, doka ta ce a goge zane a faro daga farko. Auta ta san wannan, don haka ta jiƙa tsumma ta juya bayan rediyon. Ya riƙe mata hannu. Ya lashi babban yatsansa, ya goge zanen nan miƙaƙƙe a hankali, yana kaffa-kaffa kar ya taɓa karkatattun biyun. Tunda yake bai taɓa karya dokar nan ba sai ranar.

Ya miƙa mata allin ya ce, "Ki ja naki daga ƙasa. Waɗannan a bar su."

Ta kunna rediyon, ta jawo kujera kusa da ƙofar kicin ta zauna. Shi kuma ya juyo da tasa kujerar yadda zai riƙa ganin bakinta.